Ruwan Gilashin Baba Ya Nuna

Birnin Kudu,
Lahadi, 5 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Yahuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya yi wa aikinka albarka, ya raya mana Hidaya da Ummi a kan tafarkin addini. Yaya jikin Munawwara? Na ji an ce ciwon bayan nan ya sake tasar mata. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ne.

Mu nan gida sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke tun makon jiya, an gama yankan gero, dawa kuma ta fitar da kai, muna fatan Allah ya kawo ta rumbu lafiya. Maigidana Malam Iliyasu kusan kullum yana gona a Yalwan Damai, sai yamma yake dawowa, ya yi baƙi ya rame kamar ba shi ba. Mun koma makaranta, bana aji huɗu aka ba ni, yara sittin da bakwai a ɗaki ɗaya, kafin a tashi muryata ta dishe. 'Yarka Khuzaima ta shiga aji ɗaya, kuma a mako uku ta ɓatar da takalmi biyu, duka na ƙafar hagu. Baba yana cin abincinsa, yana yin sallarsa a zaune saboda gwiwa, kuma maganarsa ce ta sa na ɗauki biro yau.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗanbala direban motar shanu, alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zancen sai ka ce in sha Allahu, ko ka ce ana nemanka a wajen aiki, ko kuma layi ya lalace daidai inda ya kamata ka ba ni amsa. To takarda dai ba ta da layin da zai yanke. Kai yayana ne, ban manta ba, kuma tun muna yara ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma raina a ɓace yake, Yaya, ya daɗe a ɓace, kuma na gwammace ka ji daga bakina da ka ji a bakin dangi. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko da wani wurin zai yi maka ɗaci.

Ka tuna ranar jajibirin Babbar Sallah da ka sauka da akwatin gilashin nan na kifi a bayan mota, an naɗe shi da bargo ana ta a yi a hankali. Shekara biyu ba mu ga ƙeyarka ba, ka zo ka yi mana kwana biyu, kuma a cikin kwana biyun yini guda wajen kafa gilashi a ɗakin Baba ya tafi. Ka zuba tsakuwa, ka haɗa matatar ruwa mai soso da ɗan injin da ke hura iska, muka yi ta ɗauko maka ruwa har bokiti biyar. Ka ce tun da Baba ya baro Gwaram ya dawo hannuna don ya kusanci asibiti, ba abin da yake kewa kamar kogi, mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana su, saboda haka ga kogi ka kawo masa har gefen gado. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na ji daɗi, domin tun rasuwar Inna ban ga Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Sannan ka ce kada a saka kifi yanzu, sai ruwan ya yi mako shida ya nuna, in ba haka ba duk kifin da aka saka mutuwa zai yi. Ka dafa kafaɗar Baba ka ce kai da kanka za ka dawo ƙarshen watan Yuli, ka biyo ta Kano ka sayo kifin farko, ka saka da hannunka yana kallo. A gabana ka faɗa, Malam Iliyasu ma yana tsaye a bakin ƙofa. Washegarin sallah ka kama hanya, ka bar min takarda mai shafi uku da ƙananan kwalabe biyu.

Ni kuwa ban ƙi ba, na bi takardarka layi-layi. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in tsunkuli abincin kifi in barbaɗa a ruwan da babu kifi, don ya ruɓe a ciki. Ka ce ta haka ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani za su samu abin ci su zauna a cikin soson matatar, kuma su ne nan gaba za su riƙa cinye dafin da kashin kifi ke bari a ruwa. Bayan kwana bibbiyu in ɗebi ruwan a ɗan bututun gwaji, in ɗiga maganin kwalba, in girgiza, in kara da katin launi a bakin taga. Gwajin farko kore yake fitowa, ana jiran ranar da zai koma rawaya. Na biyu kuma jaja-jaja kamar zoɓon da aka tsinka, ana jiran ya koma shuɗi mai haske. Injin iska ba a so ya tsaya, don haka batirin solar da muke kunna fanka da shi na sadaukar masa, yara suka haƙura da mafici. Matan layinmu har sallama suke yi su shigo ganin matar da ke ba ruwa abinci. Suna ma sun sa min, wai Malama mai kiwon ruwa, kuma har a gidan suna da shi ake kirana yanzu.

Shi kuwa Baba sai ya sa aka mayar masa da kujerarsa gaban gilashin. Da farko tsiya yake yi mana, yana cewa shi duk rayuwarsa ruwa ne yake ciyar da shi, bai taɓa ganin inda mutum ke ciyar da ruwa ba sai da ya tsufa a gidan 'yarsa. Da na nuna masa hoton kifin da ka turo a waya, 'yan mitsi-mitsin nan masu jela ja da ruwan ɗorawa, ya ce ko ɗari aka zuba a miya ba wanda zai san an yi, ina laifin karfasa ko kurungu. Amma duk da tsiyar, shi ne yake tuna min ranar gwaji in na sha'afa. Shi ke ƙirga kwanakin, kuma bai taɓa kuskure ba. In na ɗiga maganin sai ya ce in kawo bututun kusa da idonsa, shi ba ya karɓar labari a kan ruwa, sai ya gani da kansa. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya gaya masa saura kwana kaza Yahuza ya zo da kifi.

A mako na biyar, koren nan ya riga ya koma rawaya, na biyun ma ya fara washewa, sai ga Gwaggo Turai daga Gwaram ta zo duba yayanta. Ka dai san Gwaggo da tsabta, matar da ke wanke randunanta duk ranar Alhamis ko da ruwan jiya ne a ciki. Ina makaranta ta shiga ɗakin Baba, shi kuma ya sha magani barcin hantsi ya ɗauke shi. Ta ga gansakuka ya fara kama jikin gilashi, ta zaro soson matata ta gan shi ya yi ruwan ƙasa yana yauƙi. Ba ta tsaya tambayar kowa ba. Ta kwashe ruwan tas da kwano ta zubar a kwata, ta dirje gilashin da toka da sabulu, ta tafasa tsakuwar a tukunyar ruwan wanka, ta wanke soson da ruwan zafi ta shanya shi a kan katanga cikin rana. Da ta gama ta cika gilashin da sabon ruwa, ta jefa ɗan alif don ya kwanta, har da saiwar jema don ƙamshi, daidai yadda take yi wa randarta. Na dawo na same ta zaune a kan tabarma tana fifita, tana jiran in yi mata godiya. Gilashi sai ƙyalli yake, wahalar kwana talatin da biyar kuwa ta bi kwata.

Yaya, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya wa Gwaggo maganar da ban taɓa gaya wa babba ba, na tambaye ta wa ya aike ta, na ce dattin da ta wanke shi ne abin da muka yi wata guda muna tarawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba za ta ga ɗan'uwanta yana kwana kusa da ruwa mai gansakuka a gidan da akwai mace ta yi shiru ba, sai duniya ta ce 'yar Hambali ƙazama ce, kuma in boko ne ya koya min tara datti to Allah ya sawwaƙe. Ta ɗauki mayafinta, ko abinci ba ta taɓa ba, ta nufi tasha. Baba ya ce in ban je na ba ta haƙuri ba kada in sake kawo masa ruwan alwala. Ranar Asabar na shiga motar Gwaram, na durƙusa a tsakar gidanta gaban surukanta, na nemi gafara. Ta ce ta yafe, amma har yau ba ta sake taka gidana ba. Kuma in an bi gaskiya, mene ne laifinta? Abin da uwarta ta koya mata ta yi, don ta fitar da ni kunya. Ni ce ban gargaɗe ta ba, kai kuma da ka kawo abin ba ka nan.

Amma ba wankin Gwaggo ne ya fi ci min rai ba. Da na kira ka na gaya maka, ka yi ta faɗa, ka ce yaya zan bar abu mai muhimmanci haka ba mai tsaro, kamar kana tsammanin in ajiye aikina in zauna gadin ruwa. Ka ce a ɗauraye komai sosai a faro daga farko. Sannan ka ce to ka ga ke nan zuwanka na ƙarshen Yuli ba shi da amfani, sai a ƙara wani mako shidan. Ni na san muryarka, Yaya, da ita na tashi. Ba ɓacin rai na ji a cikinta ba a lokacin, sauƙi na ji, irin na ɗalibin da bai yi karatu ba aka ce an ɗage jarrabawa. Na kashe wayar na shiga kicin na yi kukana na share fuska, na fito na gaya wa Baba wai kai ma ranka ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau.

Haka na sake daga farko. Na ɗauraye gilashin sau bakwai har sai da ƙamshin sabulu da na jema suka fita, Malam Iliyasu ya samo sabon soso a Kano, na rubuta kada a taɓa da manyan baƙaƙe na manna a jiki. Na koma barbaɗa abinci, na koma ɗiga magani, Baba ya koma ƙirga daga ɗaya. Ranar ashirin da biyar ga Agusta gwajin farko ya fito rawaya, na biyu ya fito shuɗi garau. Na maimaita kwana uku a jere kamar yadda ka rubuta, bai canza ba. Daga nan na yi duk shirin da ke shafi na uku. Na kwashe rabin ruwan na mayar da na burtsatse wanda ya kwana a bokiti a ɗakin, don sanyinsu ya zo ɗaya. Na ɗan matse soson a cikin tsohon ruwan da na kwashe, ban kai shi ga sabo ba. Na ja labule don kada rana ta doki gilashin, na gyara murfi don kada kifi ya yi tsalle ya faɗo. Har haddacewa na yi yadda za a ɗora ledar kifin a saman ruwa ta yi minti ashirin, ana ƙara mata ruwan gilashin kaɗan-kaɗan da kofi kafin a sake su, guda huɗu kawai a karon farko, kuma ba a ba su abinci a ranar. Baba ya sa aka ciro babbar rigarsa ta zuwa Juma'a aka wanke aka kai guga, ya ce da ita zai karɓi baƙi.

Ka ce za ka zo hutun Maulidi. Maulidi ya zo ya wuce. Ka ce ɗaya ga Oktoba tun da ranar hutu ce, Larabar nan ke nan da ta wuce, kuma ko kira ba ka yi ba. Duk lokacin ni ce mai shiga ɗaki in ƙirƙiro maka uzuri, yau in ce hanya ta lalace, gobe in ce shugabanku ya hana ka hutu. Allah ya yafe min, har ƙaryar da ba ka roƙe ni ba na yi maka. Ruwan kuma tun da ya nuna ba a daina ciyar da shi, in an daina ƙwayoyin su mutu da yunwa a koma gidan jiya, don haka yau mako shida ke nan ina kiwon ruwan da ya riga ya shirya. Da na gaji na ce wa Baba tun da Malam Iliyasu yana shiga Kano, bari ya sayo guda huɗun mu saka, in ka zo ka ƙara naka a kai. Nan take ya ɗaure fuska. Ya ce a sana'arsu, idan mutum ya hana shiga wani gurbi a kogi don kifi ya girma, ba mai jefa koma a wurin sai shi mai hanin ya zo ya buɗe da kansa, ko da kuwa yunwa ake yi a gari. Ya ce kai ka rufe wannan ruwan, a gabansa ka ce kai za ka buɗe, in ya bari wani ya riga ka to ya nuna wa mutane ke nan bai yarda da maganar ɗansa ba. Na yi lallashi, Malam Iliyasu ya yi nasa, Baba ko gezau.

To ga maganar da ba ka bari na kai ƙarshenta a waya ba. Ranar Talata na kai Baba asibiti wajen likitan ido. Na hagu ka san ya tafi tun bara. Na daman ma hawan jinin idon ya cinye gefe da gefe, saura ɗan tsakiya, likitan ya ce yanzu kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani. Ya ce mu ci gaba da ɗiga magani a kan lokaci, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma bai ji daɗin yadda abin ya yi gudu daga watan Yuni zuwa yanzu ba. Na bi shi waje na tambaye shi a keɓe ko wata nawa ya rage. Ya ce Allah ne masani, amma in akwai abin da muke so tsohon ya gani, mu nuna masa yanzu. A watan Yuli Baba yana bambanta kore da rawaya a bututun gwaji tun kafin in faɗa. Jiya na kawo masa har gaban hanci, ya daɗe yana juya kai yana neman inda hannuna yake, daga ƙarshe ya ce min ya yarda da abin da na gani. Baba ne fa, wanda ba ya karɓar labari a kan ruwa. Na fita tsakar gida na rasa inda zan sa kaina don baƙin ciki.

Ba aike nake nema ba, kada ka ba Ɗanbala komai ya kawo. Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka zo cikin makon nan ko na gaba, ko da kwana ɗaya za ka yi, ka biyo ta Kano da ledarka, ka cika abin da ka faɗa. Ko kuma ka kira Baba, shi ba ni ba, ka gaya masa da bakinka cewa ba za ka samu zuwa ba, ka ba ni izini in buɗe ruwan a madadinka. Daga bakinka kaɗai zai karɓa. Zai ji ciwo, na sani, amma zai ga kifin da ɗan abin da ya rage masa. Na san kuma na biyun ya fi yi maka wuya, domin ka fi son a yi ta jiranka da a san ba ka zuwa, haka kake tun muna yara in Inna ta aike ka. Ni dai daga yau na daina yi maka uzuri. In Baba ya tambaye ni yaushe za ka zo, ce masa zan yi ban sani ba, domin ita ce gaskiya.

Yau da hantsi ina rage ruwan gilashin, sai Baba ya ce in matsar masa da kujera ta koma ɓangaren da injin yake. Na ɗauka zafi yake ji, na ce in buɗe taga, ya ce a'a. Ya jingina kansa kusa da gilashin. Can sai ya tambaye ni, ƙasa-ƙasa don kada Khuzaima ta ji, ko irin waɗannan ƙananan kifin suna fantsama ruwa kamar karfasa, yadda mutum zai iya jin motsinsu da kunne. Na ce masa ban sani ba, zan tambaye ka. To ga shi na tambaya.

Ka gaishe min da Munawwara da kyau, ka ce ina yi mata sannu da jiki. Ka shafa min kan Hidaya da Ummi, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Malam Iliyasu yana gaishe ka, Khuzaima ma ta ce a gaida Kawun Fatakwal. Gwaggo Turai ba ni da saƙonta, in kana son gaisuwarta sai ka neme ta da kanka. Baba ya san ina rubuta maka takarda, amma bai san abin da ke ciki ba. Ya ce in gaishe ka, ya sa maka albarka, ya ce kada ka yi gaggawa a hanya, shi yana nan yana jira. Na rubuta maka wannan ne don ya sa ni.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Nasiha Hambali.